Tallan labari daga bakin ramin kuza

Tsakanin ƙaramar sallar 2022 da daminar 2023 na aika wa editocin mujallu wasiƙa 11 ina yi musu tayin labari. Guda 9 ko sallamata ba a amsa ba. Ɗaya aka ce an gode, ba a bukata yanzu. Ta ƙarshen kuwa editan layi guda ya rubuto mini: idan wani abu ya tashi a Jos, in taɓo shi. Duk wanda ya girma a garin nan, ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, ya san abin da ake nufi da "wani abu".

Ni malamar makaranta ce, ina koyar da 'yan aji 5 a wata firamare ta wajen Unguwar Rogo. Ba na ƙarƙashin wani gidan jarida, ba ni da katin aiki. Marubuci mai zaman kansa ɗan talla ne, sai dai abin da ke kan farantinsa bai dahu ba tukuna. Bayanin abincin yake kai wa ƙofa-ƙofa, sai an ce ana so sannan ya koma ya hura wuta. To ni bayanin ne ban iya ba, kuma na fi shekara ban gane ba. Na ɗauka rashin hanya ne, ko don ba ni da kowa a Abuja.

Wanda ya warware mini shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya yi aikin jarida a nan Jos tun shekarun 1980 har ya yi ritaya. Na je shagon buga takardu aka fitar mini da wasiƙun duka, na kai masa gidansa a Gangare wata ranar Lahadi bayan la'asar. Ya rage muryar rediyo, ya sa tabarau, ya karanta ta farko. A ciki na ce ina son in yi rubutu a kan matsalar shaye-shaye tsakanin matasan Jos. Sakin layi biyu na farko duk tarihin kaina ne da irin son da nake yi wa rubutu.

Ya ce, "Ɗiyata, wa ke cikin wannan?"

Na ce, "Matasa, Kawu."

"Wane matashi? A ina yake kwana? Kin zauna da shi? Ya yarda ki rubuta abin da ya faɗa miki?"

Na yi shiru. Ya ɗauki ta biyu, wadda na ce zan duba halin da 'yan kasuwa ke ciki tun gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002. Ya ce wannan ya fi, to amma shekara 21 ke nan da gobarar, me ya sa mai karatu zai tsaya a kai a wannan watan? Ta ukun, mai maganar muhimmancin zaman lafiya, bai ma gama ta ba. Ya tattara su ya miƙo mini, ya ce waɗannan duk taken muhawarar 'yan makaranta ne. "Edita ba ya cinikin biri a sama. Kuɗin mujalla zai fitar, shafi zai ware miki, in kin gaza shi za a tuhuma. Nuna masa birin yana hannunki."

Ya kuma tambaye ni ko na taɓa karanta mujallun da nake aika wa daga bango zuwa bango. Gaskiya ita ce in na rubuta wasiƙa ɗaya, suna kawai nake canzawa a sama in aika wa wata mujallar. Ya ce in zaɓi guda ɗaya tak, in san ta kamar yadda na san ɗakin girkina.

Na zaɓi wata mujalla ta Abuja da ke fitowa da Turanci, a takarda da kuma intanet. Mako 3 na yi ina karanta fitowarta ta shekara guda a waya, da tsakar dare lokacin da data ke araha. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kowace fitowa akwai dogon labari ɗaya kan noma ko muhalli, tsawonsa bai wuce kalma 1,500 ba, kuma kusan kullum da mutum ɗaya ake buɗe shi, yana cikin aikinsa. Na ga kuma cewa a shekarar duk sau biyu sunan Filato ya fito, duka biyun a kan kashe-kashe. Sunan mai kula da wannan shafi yana can ƙasa da ƙananan haruffa, mace ce, Bahaushiya. Wasiƙuna na baya duk akwatin imel na gama-gari nake jefa su, wanda masu talla da masu ƙorafi ke jefa nasu.

Labarin kansa a kasuwar Farin Gada ya same ni, ina cinikin kabeji a watan Oktoba. Mai kayan ya ce in saya in gode Allah, don ranin bana kayan gwari sai mai hali, masu noma a bakin dam ba za su iya sayen fetur ɗin injin ban-ruwa ba. Tun ranar 29 ga Mayu da aka sanar da janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 600 kafin damina ta ƙare. Kowa na maganar kuɗin mota. Ban ji wanda ya yi maganar injin da ke jawo ruwa zuwa fangalin latas ba.

Abin da muke kira dam a nan, yawancinsu ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka dira a tsaunukan nan suna haƙa, har aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914 don kwasar kuzar. Kakana na wajen uba yana cikin dubban da suka taso daga ƙasar Katsina suka zo leburanci. Da harkar ta yi ta ja da baya, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sai aka watse aka bar ɗaruruwan ramuka daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi. Ruwan sama ya cika su. Suna cin rayuka, don kusan kowace unguwa ta san yaron da ya je wanka bai dawo ba. Amma kuma da ruwansu ake noman rani, kuma karas da kabejin da ake lodawa a mota zuwa Abuja da kudu, wani kaso nasu daga nan yake sha.

Da a ce shekarar da ta wuce ce, da a daren nan zan rubuta wa edita cewa ina son in yi rubutu a kan noman rani a Jos. Sai na tuna da birin Kawu. Asabar 3 a jere ni da ƙanena muna fita bayan asuba, mu hau keke napep, mu sauka mu ƙarasa da ƙafa zuwa wani rami tsakanin Rayfield da Bukuru. Ranar farko babu wanda ya kula ni sosai, sun ɗauka daga gwamnati nake ko wata ƙungiya mai rubuta sunaye. Rana ta biyu wani dattijo, wanda zan kira Baba kawai, ya ce in matso kusa da wuta, sanyin Jos ba ya jin kunyar baƙo.

Yana tsugune a gaban injinsa, tsoho ne mai jan fenti, an ɗaure tiyonsa da robar taya a wuri uku. Bayansa tudun jar ƙasa ne da aka tono tun kafin a haife shi, gabansa ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi. Ya ɗago wani galan ya girgiza shi a kusa da kunnena don in ji yadda man ya rage. Ya ce bara da irin wannan kuɗin galan uku yake saye. Bana rabin filin kawai ya shuka. Filin ma haya yake yi a hannun wani gidan Birom shekara da shekaru, kuma yanzu shi da ɗan mai filin sun haɗa kuɗin mai, inji ɗaya ke ba gonakin biyu ruwa, yau nan gobe can. Fangulan da ke kusa da bakin ramin kuwa jikokinsa ke ɗiba da bokiti.

Ya ce, "'Yata, mahaifina da jigo ya yi ban-ruwa a nan. Ni na ɗauka mun rabu da jigo har abada. Ga shi jiya ina duba itacen da zan kafa."

Na nemi izininsa in rubuta, in ɗauki murya da hoto. Ya ce sai na gaya masa wa zai karanta. Na gaya masa gaskiya: ban sani ba tukuna ko za a karɓa, talla zan kai. Ya yi dariya ya ce ashe sana'armu ɗaya.

Wasiƙa ta 12, wadda na rubuta wa editar shafin noman nan ta Abuja, kwana 4 na yi ina rage ta. Da Turanci na rubuta, ga abin da ta ƙunsa. A layin take na sa: "Tayin labari: manoman ramukan kuza na Jos sun fara komawa jigo." Bayan gaisuwa layi ɗaya, na buɗe da Baba yana girgiza galan. Sakin layi na biyu ya faɗi dalilin da ya sa sai yanzu: wannan ne ranin farko tun janye tallafi, kuma abin da ya faru a bakin ramin nan zai bayyana a farashin kabeji a kasuwar Wuse nan da wata biyu. Na uku ya faɗi abin da ke hannuna: hira da manoma 4, ɗaya mace, hotuna, da dillali a Farin Gada da ya yarda zai yi magana. Na ce zan iya kawo kalma 1,500 cikin mako 3, don shafinta na noma da muhalli, na ambaci wani labarin shafin da na karanta don ta san ba a makance na zo ba. Kaina kuwa layi biyu na ba shi a ƙarshe: malama ce, haifaffiyar Jos, jikar leburan kuza. Duka wasiƙar ba ta cika allon waya biyu ba.

Abu ɗaya na riƙe, ban faɗi takamaiman ramin ba. Tsoron da ke damun duk sabon marubuci ke nan, kada a ce ba a so, bayan wata guda ka ga labarinka da sunan wani. Yana faruwa. Amma Kawu ya ce kowa na iya tunanin noman rani, sai dai ba kowa Baba ya kira bakin wutarsa ba. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Na aika ranar Talata da safe. Kwana 8 shiru. A da, da na ɗauki shirun a matsayin amsa na haƙura. Wannan karon na sake turawa a ƙarƙashin wasiƙar farko, layi biyu: ina tuni, kuma manoman sun fara dashe, idan ana son hoton wannan mataki sai a cikin makon nan. Washegari ina cikin tara littattafan yara lokacin tara, waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Malama, ke ce mai labarin ramukan kuza?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

Editar ce. Ta ce wasiƙar farko ta nutse a cikin ɗaruruwa, tunin ne ya ɗago ta. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba, tambayoyi ta shiga jerowa. Hotunan da waya na ɗauka ko da kyamara? Matar da na yi hira da ita gonarta ce ko aikatau take yi? Sannan ta yi tambayar da ban shirya mata ba: ruwan nan da ke kwance a ramin ma'adinai, lafiyarsa ƙalau a zuba wa abin da za a ci ɗanye?

Kafin in zo kan wannan, bari in gama da maganar kuɗi, don ita ce mutane ke jin nauyin yi. Ta taya naira 40,000. Zuciyata ta so in ce na sallama nan take, don murna. Amma na riga na lissafa kuɗin keke na mutum biyu, da data, da zuwan da ya rage. Na ce, "Ranki ya daɗe, a duba mini kuɗin zirga-zirga da na hotuna." Ta ɗan yi shiru ta ce 55,000, iyakar abin da shafin ke iya bayarwa ke nan. Na roƙi abu uku a rubuce cikin imel: adadin kuɗin da lokacin biya, rabin kuɗin idan na kawo aiki suka fasa bugawa, da izinin in fitar da labarin da Hausa bayan wata guda da fitowarsa. Na ukun ya ba ta mamaki, ta ce ba a taɓa tambayarta ba. Na ce mutanen da ke cikin labarin ba sa karanta Turanci. Ta amince da duka.

Maganar ruwa ita ta fi ba ni wahala a aikin gaba ɗaya. Na sami wani malami a Jami'ar Jos da ya san harkar ƙasa da ma'adinai. Ya bayyana mini cewa tarkacen da ake bari bayan an wanke kuza yakan ƙunshi wasu ma'adinai irin su monazait, masu fitar da tururin da ido ba ya gani, kuma wannan tsohuwar damuwa ce a Filato. Amma ya ja kunnena: rami ya bambanta da rami, wanda bai ɗebi ruwan wani rami ya kai ɗakin gwaji ba, ba shi da bakin cewa guba ne ko lafiyayye ne. Na koma wurin Baba na gaya masa cewa wannan tambaya za ta shiga labarin. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "'Yata, na ba ki wuri a bakin wutata. Kada ki kashe mana kasuwa."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. In na cire tambayar, na ɓoye wa mai karatu abin da ya kamata ya sani. In na zuzuta ta, na jefa wa mutanen da suka amince da ni dutse a kan zato. Abin da na yi shi ne na rubuta maganar malamin yadda ya faɗe ta, har da jan kunnen, na kuma ba Baba fili ya amsa da bakinsa: shekara nawa yana ci daga gonar nan shi da 'ya'yansa, kuma in hukuma za ta zo ta gwada ruwan, shi zai fara riƙe musu kwalba. Na karanta masa sakin layin a waya kafin in miƙa. Ya ce bai ji daɗinsa ba, amma babu ƙarya a ciki.

Aikin ya dawo daga Abuja ja wur da gyara. Ta cire kusan kalma 400 na tarihin kakana da zuwan Turawa. Ya yi mini ciwo, don wurin na fi zuba zuciyata, amma da na sake karantawa na ga labarin Baba ya fi numfashi. Ta so ta cire maganar jigo, wai masu karatunta ba su san shi ba. A nan na tsaya, na ce jigon shi ne labarin, jimla ɗaya ta isa ta bayyana shi. Ta bar shi. Take kuma da suka fara sawa ya juya abin ya koma labarin Musulmi da Kirista sun haɗa kai. Na rubuta mata cewa Baba da ɗan mai filin ba taron sulhu suka yi ba, kuɗin mai suka haɗa, kuma in aka sa wancan take an sake mayar da Jos gidan jiya ta ƙofar baya. Aka canza. Wani matashi a ofishinsu ya karɓi muryoyin da na ɗauka, ya kira Baba da dillalin ya tabbatar da kowace magana.

Muna cikin wannan gyara aka kai hare-haren jajibirin Kirsimeti a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, aka kashe mutane fiye da 100. Ranar 26 ga Disamba editan nan mai "wani abu" ya kira ni, karon farko da na ji muryarsa. Yana son kalma 800 kafin dare, kuɗin kuma ya fi na ramukan kuza. Na ce ba zan iya ba. Labari ne da ya wajaba a ba da shi, kuma waɗanda aka kashe sun cancanci wanda zai taka ƙasar, ya zauna da iyalansu, ya ƙirga kaburbura da idonsa. Ni ba ni da hanyar isa can a ranar, abin da ke hannuna bidiyoyin WhatsApp ne da jita-jita, kuma na ga abin da jita-jita ke yi wa garin nan. Na ba shi shawarar ya nemi 'yan jaridar da ke yankin. Bai sake kira ba.

Labarin ya fito a Janairun 2024. Kuɗin kuwa sai da ya yi mako 7. Na aika takardar neman biya da lambar asusu, na yi tuni sau 3, kowane cikin ladabi kuma a ƙarƙashin imel ɗin da aka yi alkawari a ciki. Da ya shigo an cire harajin kashi 5 cikin 100, abin da ban sa a lissafina ba. Tun daga nan na sake aika tayi 4, biyu gare ta, biyu ga wasu. An karɓi ɗaya, an ƙi ɗaya da dalili, biyu shiru.

Ana saura kwana kaɗan a kama azumi na kai wa Baba na Hausar. Jigon yana tsaye a bakin ramin, sabon itace, da dutse ɗaure a gindinsa. Ya tara maƙwabtan gona, har da ɗan mai filin, na karanta musu a tsaye. Babu wanda ya katse ni. Da na gama Baba ya ce an yi daidai, sai dai na manta babban abu.

Na ce, "Me na manta, Baba?"

Ya kama hannun ƙanena ya ja mu bayan gona, ya nuna wani tsibi baƙi-baƙi. Toka ce da ruɓaɓɓiyar shara daga bololin cikin gari, ana kawo musu a tifa, su tsince leda da kwalba da ƙarfe, su zuba a fangali a madadin takin zamani da ya gagare su. Ya ce tun kafin tsadar nan suna yi, amma bana har rububinta ake, tifa ɗaya sai ka yi kamun ƙafa. Na tsuguna na ɗebi tokar a tafin hannu, akwai guntun batir a ciki.

Asabar biyu na yi ina bin sawunta, daga wata bola a cikin gari har gonar. Direban tifar ya yarda in hau gaba in bi shi zuwa ɗauka, matan da ke tsintar leda su ma biyu sun ce in zo. Talatar da ta wuce na aika wa editar tayin, kalma 230, na buɗe da guntun batir ɗin. Yau kwana 5. In Laraba ta yi ban ji komai ba zan yi tuni, direban kuma ya ce in same shi Asabar da ƙarfe 6 a bakin bolar, kafin rana ta yi wa masu azumi zafi.